Adakar Da Na Kulle Zargina a Ciki

Ko na so in manta da bazarar da na kusa raba Baba Iliya da aikinsa, mutanen gidan rediyonmu ba za su bar ni ba.

Ni ne mai kula da injina a wata ƙaramar tasha a garin Agye, a jihar Maraɗi. Mun kafa injin watsa shiri na biyu a Gazawa, a kan zango ɗaya da na farko. Dole injinan biyu su riƙa bugawa daidai, don in suka saɓa ko ƙanƙani, ƙauyukan da ke tsakani sai su ji muryar mai magana tana rawa. Mai riƙe bugun nan wani ɗan kiristal ne, shi kuma da ƙarfin wuta ake lallaɓa shi. Akwai ƴar ƙwaya da muke ce wa DAC, ka ba ta lamba, ta mayar maka da ita wuta gwargwado.

Wani abokina a Maraɗi ya nuna mini iri biyu na ƙwayar. Ɗaya matakanta na daidaita wuta kaɗan ne amma zafi bai dame ta ba. Ɗayar tana da matakai dubu sittin da ɗoriya. Na ɗauki ta biyu ba tare da na duba yadda take da zafi ba (gaskiya don in riƙa faɗin lambar nan a ofis na ɗauka).

Da safe komai lafiya lau. Rana na take tsaka sai waya ta fara shigowa: rediyo na rawa. Lambar bugun da ke kan ma'aunin injin ma sai ta ɓace daga mazauninta. Kuma daidai lokacin ne Baba Iliya, dattijon da ke shirin manoma, yake shiga ɗakin injin ya kishingiɗa. Ƙanensa ne na gada a aikin, bayan an sallame shi. Sai na ce a raina, to, shi ke nan, ramuwa ce.

Na fara bin sa da ido. In ya gaishe ni da fara'a in ce borin kunya ne, in ya yi shiru in ce ya tsargu. Na ɗauko adakar ƙarfe ta uwargidana, na huda mata ƙofar waya, na saka akwatin kiristal da ƙwayar ciki, na danna kwaɗo, na rataya makullin a wuya. Rawar ta ƙaru. Maimakon in yi tunani, sai na ce lallai tsohon nan ya yanka makulli.

Na kai ƙara wurin darakta. Ya dakatar da shirin manoma, ga damina ta kawo kai, ya ce duk mai hannu a ciki ya bar tashar.

Ranar bin bahasi muka taru a ɗakin injin bayan azahar. Na buɗe adakar don in nuna shaida, wani huci ya daki fuskata kamar an buɗe tukunyar dambu. Ban kula ba. Na shiga jawabi a kan amana da hassada, na yi tsawo ƙwarai (har da nuna yatsa). Ina cikin yi darakta ya ce, "Tsaya, malam. Wannan lambar ba ita ce ka ce ta ɓace ba?"

Na waiwaya ga ma'aunin. Lambar ta rarrafo ta dawo kusa da mazauninta, ba wanda ya taɓa komai. Iska kawai ƙwayata ta sha.

"Ruhe mu gani," in ji shi.

Na rufe. Aka dafa shayi, aka sha. Lambar ta sake kama hanya, ga makulli yana reto a ƙirjina gaban kowa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Iliya ya matso kusa da adakar. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya janye da sauri, ya ce, "Ɗana, in ka gama da adakar ga ka ara mini. Zahinta zai kashe ƙwarin wake."

Washegari na je gidansa na durƙusa, sannan na wuce Maraɗi na karɓo mai ƙananan matakan. Yanzu kafin in tambayi matakan ƙwaya, zafi nake fara tambaya, kuma kafin in zargi mutum sai na taɓa murfi. Adakar tana wurin Baba har yau, ya ce waken bana ko huda ɗaya babu.