Tashar Sunkuye

A wani gari wai shi Rufa-Rufa, hukuma ta gina wa mutanen bayan gari tashar jirgin ƙasa. Sai dai jirgin ba ya taɓa ƙasa. A kan ginshiƙai aka shimfiɗa masa hanya, tashar kuma tana can saman Unguwar Sai-Haƙuri, ta fi kowace giginya tsawo. Aka yi bikin buɗewa, aka sha lemo. Abu ɗaya injiniyoyi suka manta: tsakar gida ba ta da rufi.

Gwaggo Tasalla mai wankau ce ta fara lura. Tun da injin rijiyar burtsatsen unguwa ya ɓace, daga rafi take ɗebo ruwan wanki, har bayanta ya fara lanƙwashewa. Ranar da ta hau tashar da ƙullin kayan mutane a ka, sai ta hango cikin gidan Mai Gari. Ga injin nan, da tsumman da ita da kanta ta ɗaure masa a inda yake yoyo, yana yi wa ɗawisu wanka.

Ta sauko ta faɗa. A ranar majalisar Mai Gari ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba saboda ruwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Waziri Na'am, "ba maganar inji ba ce, maganar tarbiyya ce. A garin nan ko magini zai hau katanga, sai ya aika maƙwabta su kimtsa. Yau ga tsohuwa ta hau sama ba ko sallama."

Nan take aka kafa Ma'aikatar Kawar da Kai, aka naɗa Sarkin Sunkuye. Doka ta fito: fasinja ba zai ɗaga kai ba sai ya yi wa gidan da ke ƙasa sallama an amsa. A gidan Mai Gari kuwa ba a amsawa. Shi ma direba aka ce ya riƙa tsayawa yana sallama gida-gida, har jakuna suka koma riga jirgi isa kasuwa.

Gwaggo ta tafi wurin alƙali.

"Ido biyu na mutum ɗaya ba shaida ba ne," in ji shi. "Kawo ko mutum guda da ya gani, injinku ya dawo."

Ta fara da Malam Tanimu, wanda ya fi kowa zagin hukuma a teburin mai shayi.

"Tanimu, tashi mu hau. Kallo ɗaya kawai za ka yi."

"Gwaggo, wai daga can ko'ina ake gani?"

"Har tukunyar matarka."

Malam Tanimu ya tuna da fitilar titi da ke haska masa akurkin kaji. Ya ce gwiwa na damunsa.

Sahura ma'aikaciyar asibiti, wadda surukarta ke kwana a kan gado mai taya, ta ce tana da hajijiya. Hedimasta ya tambaya ko daga sama ana iya karanta rubutun da ke jikin benci. Gwaggo ta ce ita ba ta yi boko ba, amma bencin gidansa dai ta ƙirga su.

Washegari unguwa ta fito zanga-zangar da ba a taɓa ganin irinta ba. Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta shiga gaba, har ta fara guɗa, kafin ta ji abin da ake rerawa: a ƙara wa dokar sunkuye ƙarfi. Mai Gari ya share hawaye, ya ce ba zai iya ƙin buƙatar talakawa ba. Aka raba malafa kyauta a ƙofar tasha, mai faɗin baki, wadda ba a ganin komai ta ƙarƙashinta sai yatsun ƙafa.

Yanzu baƙi na zuwa daga nesa su ga tashar. Suna komawa suna ba da labari, wai ba su taɓa ganin mutane masu kunya irin na Rufa-Rufa ba. Har wata tsohuwa suka gani a hanyar rafi da jarka a ka, ta fi kowa sunkuyawa, ko malafa ba ta buƙata.