Jirgin Kumandan da Rumbun Habsatu

Ranar kasuwar Gidan Sori, jirgin Alhaji Chindo ya faɗo kan rumbun Habsatu, ya cinna wa geron shekararta wuta. Har yau ko zangarniya bai mayar mata ba.

Amma kada mu ci zalin babban mutum. Alhaji Chindo ne mai lemon Sanyi-Ƙalau na Gidan Rumji, masanin da ya gano cewa ruwan rijiya na shanu ne, wayayyen mutum ja da kore yake sha. Sau ɗaya ya hau jirgi, zuwa Makka, kuma kusa da taga aka zaunar da shi. Tun daga nan ya zama Kumandan. Shi ya sa da ya sayo ɗan jirgin nan marar matuƙi don yawo da tutar lemonsa bisa kasuwanni, bai bar kowa ya taɓa madannin ba.

Da wuta ta kama, mata suka sheƙo da bokitai. Kumandan ya tare su, domin ana ɗaukar hoto.

"Ku aje ruwan nan. Yau duniya za ta ga mai kashe ƙishirwa yana kashe gobara."

Aka yi ta fasa ledojin lemo bisa rumbu. Wuta ta ci rabi. Sauran rabin ya sha sukari, tururuwa da funfuna suka raba shi.

Habsatu, tsohuwa mai riƙon jikoki, ta bi shi har buro, wato ofishinsa.

"Baiwar Allah, ba ki san dokar jiragen sama ba," in ji shi. "Ni na karanta ta a bayan kujera, hanyar Jidda. Haɗarin sama sai kotun ƙasa da ƙasa. Kuma rumbunki ya cika tsawo, shi ya shiga hanyar jirgi."

"Alhaji, rumbun nan tun kana tallar ƙanƙara yake tsaye. Bai taɓa tashi ya tare kowa ba."

Nan fa tausayi ya kama Kumandan. Ya ba ta katan ɗin lemo, ya bayyana mata cewa jiki ruwa ya fi buƙata, ba tuwo ba. Ya sa ta rungume katan, aka ɗauke su hoto.

Jikokin sun sha. Harsuna jajir, ciki wayam.

To Kumandan, da ku dattawan sulhu da Habsatu ta kawo wa ƙara, kuka sha Sanyi-Ƙalau kyauta kuka ce ƙaddara ce: jirgin nan ba a Jidda ya faɗi ba, a Gidan Sori ya faɗi, madannin kuma yana hannun mai shi. A cika wa Habsatu rumbunta da gero kafin damina. Ruwan sha kam tana da shi a rijiya.