Yadda Za Ka Yi Suna a Gyaran Manhajar Jama'a Ba Tare da Ka Iya Komai Ba

Kai mai son a kira ka gwani amma kana ƙyuyar koyo, matso kusa. Akwai manhajojin da masu su suka bar cikinsu a buɗe a intanet. Kowa na iya leƙawa ya ga yadda aka rubuta su, ya aika da gyara, in an karɓa a sa sunansa cikin masu taimako. Kyauta ake aikin, saboda Allah. Bi matakan nan, in ba ka yi suna ba ka zo ka canza mini nawa. A gabana aka gwada su. Mijin ƙanwata ne ya gwada, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya tun ranar da ya iya sa wa firinta takarda.

1. Nemi wadda mai ita ya gaji

Kada ka tunkari babbar manhaja mai masu gadi da yawa, za su kore ka tun ba ka cire takalmi ba. Gajeriyar katanga ake tsallakewa. Injiniya bai yi nisa ba, ya zaɓi manhajar da matarsa ke aiki da ita a kemis ɗinta, mai tuna mata maganin da ya kusa lalacewa. Wata baiwar Allah ce ta rubuta ta, ana ce mata Malama. Ita kaɗai ke kula da ita, bayan ta taso daga aiki, da goyo a baya.

2. Kada ka karanta ƙa'ida

Za ka tarar da bayanin yadda ake aiko da gyara. Tsallake shi. Karatu na masu shakkar kansu ne.

3. Fara da waƙafi

Injiniya ya yini yana laluben shafin gabatarwa har ya gano inda waƙafi ya ɓace. Ya sa, ya aika da taken "Gagarumin gyara". Malama ta karɓa, ta rubuta masa, "Na gode." Kai ma in ka samu haka, ɗauki hoton godiyar ka baza. Shi har gidanmu ya zo, ya durƙusa gaban surukarsa yana nuna mata waya.

"Mama, yanzu duniya ce ke amfani da aikina."

"Allah ya yi albarka," in ji mahaifiyarmu. "To ko za ka duba mini rediyon nan?"

Ya ce ba fanninsa ba ne.

4. Hana ta sakat

Duk gyaran da ka tura, bi shi da saƙo: "An duba?" Kafin shayinka ya huce, sake tambaya. In ka rasa abin turawa, kai ƙorafi, ka rubuta "Ba ya aiki" kawai. Kada ka faɗi mene ne ba ya aiki, ko a ina, ko me ka danna. Ai ita ta rubuta, ta yi duba ta gano.

5. Kawo babban kaya

Waƙafi ba ya riƙe suna har abada. Injiniya ya je wajen manhajar nan da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, ya ce ta sake masa sashen lissafin ranaku gaba ɗaya. Ta zubo masa tulin rubutu, ya kwasa ya tura ko layi ɗaya bai karanta ba.

Malama ta tambaye shi, "Malam, me wannan layin yake yi?"

"Aiki yake yi," ya amsa.

"Ka gwada kuwa?"

"A kwamfutata lafiya lau." Ko kunna shi bai yi ba.

Ta ƙi karɓa, ta zauna ta rubuta masa dalilai cikin ladabi. A nan ne za ka fito da makaminka. Shiga dandalin sada zumunta ka ce ana danne masu tasowa, ka ce hassada ce. Irinka suna da yawa, kuma duk suna da data. Za su taya ka zagin matar da ba ta taɓa karɓar ko sisinsu ba.

6. Karɓi nasararka hannu bibbiyu

Malama ta yi haƙuri har ya ƙare. Wata safiya ta rubuta, "Na gaji. Tunda ka fi ni sani, ga ragamar, na bar maka." Ta rufe shafinta ta tafi rainon ɗanta.

Injiniya ya yi ta zagaye falo yana kabbara. Aikinsa na farko a kan mulki, ya karɓi gyaran kansa da kansa, har ya yi wa kansa godiya.

Washegari ƙanwata ta kunna kwamfutar kemis. Manhaja ta ce duk maganin da ke kan kanta ya lalace, har audugar goge ciwo. Kwalbar maganin tari guda da ta lalace da gaske kuwa, ta ce tana da sauran rai har jikoki. Allah ya sa ƙanwata ta duba jikin kwalbar kafin ta miƙa wa wata uwa mai jiran maganin ɗanta. Ta kulle shagon ta taho gida da kwalbar a hannu.

"Maigida, wane la'ananne ne ya taɓa manhajar nan?"

"Ai... ana kan bincike."

"Sunanka na gani a sama. Gyara."

7. Yanzu sai ka gyara

Wannan matakin ban san yadda ake yinsa ba, shi ma bai sani ba. Wayarsa ta yi ta ruri, masu kemis daga ko'ina suna rubuto "Ba ya aiki." Ya kira ni.

"Yaya, mutanen nan ba su da tarbiyya. Ko bayani ba sa yi!"

Ya aika wa Malama ban haƙuri mai tsawo, ba amsa. Yanzu shi ke tsaye a kemis yana karanta ranar jikin kowace kwalba da ido, ƙanwata na zaune tana cewa, "Ɗaga murya, Injiniya, ban ji ba."

Hattara: na yi maka alkawarin suna, ban ce mai kyau ba. In kwamfutarka ta ƙone, ko matarka ta daina gaishe ka, ko masu kemis suka gano ƙofar gidanka, ba ruwana, ban san ka ba. Mai ƙorafi ya rubuto, za a duba.