Akwatin Dutse a Tipaza

"...Lafiya lau, amaryar Fir'auna. Ya ƙafa? Ko a bar ki a mota ki yi gadin kujeru?"

"Ƙafata ta fi taka sanin hanya, shashasha. Karɓi jakar nan."

Haka Dahbiya da jikanta Lutfi suka sauko daga bas a ƙofar kufan Rumawa na Tipaza. Ƙungiyar matan unguwarsu ta Madiya ce ta shirya tafiyar: Tipaza da hantsi, Sharshal da azahar, Guraya da la'asar, sai gida. Mata talatin, namiji ɗaya in ban da direba. Lutfi, mai shekara ashirin da shida, da digiri a ƙasan akwati, ya ce riƙon jakar kakarsa ya zo yi. Gari ya yi luf da hadari, teku kuma ya yi launin toka.

Sauran matan suka bi mai yi musu bayani. Su biyun suka tsaya a baya.

"Mani," in ji Lutfi, haka yake kiran kakarsa, "ki riƙa motsi fa. In kika tsaya cak, mai gadi zai ɗauka gunki ne ya faɗo, ya hana ni fita da ke."

"Ai gunki da daraja. Kai ko kyauta aka ajiye ka a nan, ba mai ɗaukar hotonka."

"Nuna min ɗakinki mana. Ba nan aka kai ki aure ba?"

"Sarkinsu ya nema, na ƙi. Na ce ba na auren mai yawo da zani, ba wando."

"Shi ya sa garin ya rushe. Baƙin ciki."

"Bakina ne ya kama su. Ka kiyaye shi."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan teku. Dahbiya ta lura. Tun Alhamis take lura, ranar da ta ji shi a matattakalar bene yana magana ƙasa-ƙasa a waya: Guraya, Asabar, bayan la'asar. Yau kuma Asabar. Ta san wannan muryar. Da irinta yayansa Tarik ya yi waya shekara huɗu da suka wuce, kafin ya shiga kwalekwale zuwa Sifen. Har yau ba shi, ba labarinsa.

Suka gangara ta cikin itatuwan zaitun har inda akwatunan gawa na dutse suke zube, bakinsu a buɗe, ruwan sama ya taru a wasu. Dahbiya ta zaɓi busasshe, ta tattare zaninta, ta zauna a bakinsa.

"A'a, Mani, gwaji kike? Ya yi miki tsawo. Bari in nemo miki na yara."

"Wannan ya yi min. Ka je ka ce wa direba na sami gida."

"Da haya ko kyauta?"

"Toshi ne, daga sarkin nan. Miƙo min jakarka in yi matashi."

"Ba komai a ciki."

"To me ya sa take rinjayar kafaɗarka?"

Ta fizge ta kafin ya ankara, ta buɗe. Rigar sanyi mai kauri, dabino a leda, takardun makarantarsa an naɗe su da leda har ninki uku.

"Dabinon nan duk na riƙon jakata ne?"

"Kin san cinki."

"Takardun kuma? Rumawa za ka nema wa aiki?"

"Sun fi na raye saurin amsawa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Iska ta kwaso muryar matan daga nesa, suna kiran juna a zo a yi hoto.

"To ni ma za ni," in ji ta. "Ka gaya wa mai kwalekwalen ya ƙara kujera."

"Ke? Kafin a bar gaɓa kin nutsar da mu da surutu."

"Ka ga sai mu nutse kusa, inda za a tsince mu." Ta shafa dutsen da tafin hannunta. "Dubi mutanen nan, Lutfi. Ba salla, ba salati, amma kowa an sassaƙa masa wurin kwanciya. Ni duk Juma'a sai in cika gora da ruwa in tafi maƙabarta, in zuba wa kabarin kakanka, in tsaya da ragowar a hannu. Ban san inda zan zuba wa Tarik ba."

Lutfi ya tsuguna a gabanta, ya sunkuyar da kai.

"Mani, shekara uku ina jingine da bangon unguwa. Bangon ma ya gaji da ni."

"Na sani. Ni ma na gaji da kai. Amma ina so in riƙa gajiya da kai ina ganinka."

"Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba."

"Wa ya tambaye ka alkawari? Ni dai ba zan tashi daga nan ba. Bas ta tafi, a rufe ƙofa, gobe a yanka wa mutane tikiti su zo kallona."

Wayarsa ta fara kaɗawa a aljihu. Ya ciro ta, ya daɗe yana kallon lambar. Yayyafi ya fara sauka. Can ya miƙa mata.

"Riƙe min har gida."

"Har gida kawai?"

"Yau kika ci, tsohuwa. Kada ki haɗa da gobe."

Ta karɓa, ta cusa ta cikin rigarta, ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta.

A hanyar Sharshal matan suka ɓarke da waƙa da tafi. Lutfi ya jingina goshi da gilashi, teku na bin su ta dama. Wayar ba ta daina kaɗawa a ƙirjin Dahbiya ba. In ta tsaya, sai ta sake. Matar da ke gefensu ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

"Zuciyata ce," in ji Dahbiya. "Yau ta tuna aikinta."

Lutfi ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bayan hannu, bai juyo ba.