Allurai Uku a Hoton Mahaifata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi mini hoton mahaifa, ko da kuwa ina so in manta. Shekararmu takwas da aure a lokacin, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Likita ta ce in dawo bayan na yi tsarki da kwana biyu, za a zuba wani ruwa a mahaifar a ɗauki hoto, a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke.

To, akwai abin da na ɓoye. Ya Fanna, ƙanwar babana da ke Khaddamari, ta kawo mini wata laya ɗinkakkiya da jar fata, ta ce in ɗaura a ƙugu, kada in kuskura in cire sai na ji motsin ɗa. Ni ce fa mai yi wa matan layinmu nasiha kan rataye-rataye bayan an tashi islamiyya! Na karɓa da niyyar jefarwa. Wata biyar tana ƙarƙashin jigidata (idan Malam, maigidana, yana gida, sai in mayar da ita haɓar zane, ina istigfari).

A asibiti wata nas ta ba ni riga mai buɗaɗɗen baya, ta ce in cire duk wani ƙarfe. Na cire ɗankunne, na cire zobe, na cire jigida. Layar kuwa na tura ta sama, wajen cibiya. A raina na ce ai fata ce, ina ruwan inji da fata.

"Baiwar Allah, babu sauran komai?"

"Babu, Sista," na faɗa, ko idona bai ƙifta ba.

Na hau teburin nan mai sanyi, aka ɗauki hoton farko tun kafin a zuba ruwan. Mai ɗaukar hoton ya kira likita, likita ta kira wata babbarta, ita kuma ta shigo da ɗalibai huɗu a bayanta. Ina kwance ina jin suna ƙirgawa: allurai uku, ga su reras a saitin mahaifata. Aka tambaye ni ko an taɓa yi mini aiki, ko na taɓa haɗiye wani abu. Da na ji an ambaci tiyata, aka kuma ce a shigo da mijina, sai hawaye suka ɓalle mini.

Malam ya shigo da ƙamshin bandar kifi a rigarsa, don daga rumfarsa ta Baga Road ya taho. Fuskarsa ta yi fari fat. A gabansa da gaban mutum takwas na cusa hannu cikin riga na tsinke igiyar. Nas ta farke layar da almakashi, allurai suka zubo a faranti, ƙyal-ƙyal. Wata ɗaliba ta fita da gudu, amma dariyarta ta riga ta fita.

"Hajiya," in ji babbar likitar, "mu ma da allura muke aiki, amma a hannu muke riƙe tamu."

Malam ya tsura wa farantin ido kawai. Da ma ya yi faɗa.

Aka fitar da kowa, aka zuba ruwan. Marata ta murɗa kamar ana matse wanki, na damƙe bakin tebur ina salati. Ruwan ya cika mahaifa, ya tsaya. Bai wuce ta dama ba, bai wuce ta hagu ba. Likita ta yi bayani a hankali, ta ambaci wani aiki da ake yi a Abuja, ni dai bakinta kawai nake kallo.

A cikin keke napep, muna dab da gida, Malam ya ce, yana kallon titi, "Ni ma akwai garin maganin haihuwa da nake zubawa a kunu. Shekara biyu ke nan." Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na kifa kaina a kan katuwar ambulan ɗin hoton.

Darasi dai na koya: kada ki yi wa injin da ke ganin ƙashi ƙarya. Na kuma gano kunya tana da amfaninta. Duk wadda ta tambaye ni yadda aka yi a asibiti, labarin allurai nake ba ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tashi ta tafi, ba ta tuna ta tambayi abin da hoto na biyu ya nuna ba.