Sallama ga Jirgi Mara Matuƙi

A wani daji da gonaki suka yi ta gutsurar gefensa har ya koma kamar ragowar tuwo, aka wayi gari wani abu yana shawagi, yana ƙugi kamar taron zuma. Hankaka, wanda ya saba leƙa sansanin masu gadin daji, ya ce sunansa jirgi mara matuƙi. Kafin azahar jita-jita ta bazu, wai ya san fuskar kowace dabba, ya kuma san inda duk wanda ya ɓace yake.

Maganar ta hana tsohuwar giwa, Tabawa, kiwo. Shekara bakwai rabonta da 'yarta Ladidi, tun ranar da aka datse hanyar kogi da shinge, garkensu ya rabu biyu, Ladidi ta rage a hayi. Na wannan gefen duk sun ƙare, saura Tabawa. Duk damina takan je bakin shingen, ta ɗaga hanci, ta shinshina iskar hayi.

Majalisa ta zauna a gindin tsamiya. Kura ta ce a ɓuya, domin idon da ya ƙirga ka yau shi zai nuna wa maharbi kai gobe. Zaki ya ce shi ba kallon ya dame shi ba, tsayin ne. Ba a duban ƙeyarsa daga sama sai da izini. Biri ya kawo shawarar a kafa kwamitin da zai yanke kamu nawa jirgin zai riƙa bari tsakaninsa da kan manya, ya kuma sadaukar da kansa ya shugabance shi.

Tabawa ta ce, "Ranku ya daɗe, tun safe kuna neman yadda za a hana shi ganinmu. Ni so nake in san abin da ya gani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi."

Babu abin da giwa ke tsoro kamar zuma. Duk da haka washegari ta fita fili da hantsi, ta tsaya ta yi wa jirgin sallama. Bai amsa ba. Ta ce ƙila baƙo ne, bai iya gaisuwa ba. Ta tambaye shi lafiyar Ladidi, ta kwatanta masa tsagar da ke kunnenta na hagu. Ya zagaya ta sau biyu, ya wuce.

Sai ta roƙi Hankaka ya bi shi. Ya dawo da la'asar yana ta kewaye-kewaye, wai rana ta yi zafi, wai ashe jirgin yana da matuƙi, a inuwa yake zaune.

"Malam Hankaka, bar wannan. Me matuƙin ya ce da ya gan ni?"

"Iya, bai ce komai ba, rubutu ya yi. Sai da jirgin ya zagaye dajin kaf, har hayin kogi."

"Me ya rubuta?"

"Giwa, ɗaya."