Bakin-Ganga Ta Rasu, Ba Za a Yi Mata Wanka Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma bakin da ya ƙi rufuwa don murna, Malama mai binciken gwaggon biri take sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar lasifikarta, wadda aka fi sani da Bakin-Ganga. Ta rasu a bakin aiki, a gindin wata doguwar bishiya, bayan gajeruwar jinya da ba ta wuce faɗowa daga sama zuwa ƙasa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ruwan sama ya dake ta, tururuwa sun tare a ramin cajinta, ba ta taɓa cewa uffan ba sai an danna ta. Aikinta shi ne maimaita kukan biran da aka naɗa a daji, ko a dace su amsa a san inda suke. "Huu, huu, huu, waaa!" Haka take gaida safiya, har direban Malama ya ƙone da shayinsa. Ta iya kiran abinci, ta iya kukan tsoro, ta iya har na soyayya, wanda Malama ke rage wa ƙara idan da manya a wurin.

Burinta ɗaya ne a duniya, ta fito da Mai-Furfura, tsohon namijin gwaggon birin da ake jin labarinsa ba a ganinsa. Masu yankan katako sun rantse dajin ba kowa. Hukuma kuma ta ce a kawo gashinsa ko yawunsa a gwada ƙwayar halittarsa, in ba haka ba zarto ya shiga. Marigayiya ta kira shi da kowane irin kuka na danginsa, ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Ranar da ajali ya zo, Malama ta manta wayarta na haɗe da marigayiya. Maimakon kukan soyayya, sai saƙon muryar Gwaggonta ya karaɗe daji: "Ke 'yar nan! Duk karatun nan a tsintar kashin biri zai ƙare?" Ko'ina ya yi tsit. Sai ga Mai-Furfura ya diro, gashi a tsaye, don a saninsa ba mai ɗaga murya a dajin nan sai shi. Ya fizge ta, ya haye sama da ita, ya shinshina, ya gartsa mata cizo. Kalamanta na ƙarshe su ne: "Kuma ki riƙa cin abin... ƙirrr."

Malama ta ruga da kuka, ta tarar da gawa sharkaf da yawu, ga gashi maƙale a ragar bakinta. Nan take kukan ya koma guɗa, har yau kuma bai dawo ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai karyayyen wuya, da makirufo da ya zama maraya, da Gwaggo, wadda tun da ta ji labari take bin dangi tana cewa dama gwaggon biri sai Gwaggo.

Za a ɗauki gawa gobe da safe, da safar hannu, a sa ta a leda mai zif, a kwantar da ita cikin kular ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su taɓa ta, kada su yi atishawa kusa da ita. Ba za a yi mata wanka ba, domin yawun da ke jikinta shi zai tsayar da zarto. Direba, wanda aka kama ya doso ta da tsumma da ruwan sabulu cikin kyakkyawar niyya, zai karɓi gaisuwa daga cikin mota, a kulle, har sai an wuce da ita.